Sunan da Inna Ba Ta Kira

Litinin, 11 ga Oktoba 1976, bayan la'asar

Yau sati bakwai cif ba kati. Na biya ta gidan waya daga makaranta, tun ban ƙarasa ba Malam Isyaku ya girgiza mini kai ta taga. Bawan Allah, ya gaji da ganin fuskata.

Wannan littafin shirin darasi ne, na yage shafukan farko. Hedimasta ba zai lura ba, yara sun yi masa yawa tun da aka ce kowa ya kawo ɗansa kyauta. Ni kaɗai ina da saba'in da huɗu a gindin darbejiya. Zan riƙa rubutu a nan don a gidanmu an daina hira. Maigidana Sabo yana Zariya wajen kwas sai ƙarshen shekara, shi ya sa na dawo gaban Inna da Baba. Da na san haka gidan ya koma, da na zauna a ɗakina na yi hira da bango.

Wata tara ke nan da Yaya Hashimu ya goya jaka ya fita. Goyawa fa nake nufi, ba ratayawa ba. Jaka ce mai hannu biyu irin ta soja, ya zura hannuwa ya goye ta kamar mai jego. Akawu guda, mai tebur da fanka, a lokacin da mutanen ƙasashe ke rububin shigowa nan neman arziki, shi ya ajiye aiki wai zai je ya ga ƙasashensu. Baba ya ce, "Fatauci?" Ya ce a'a. "Karatu?" A'a. "Makka?" Ya ce ba gabas ya nufa ba. Baba ya ce, "To wannan a garinmu shiga duniya ake ce masa." Ya ce, "To, Baba."

Katunansa goma sha ɗaya suna cikin gwangwanin kwalliyata. Na ƙarshe ya zo 23 ga Agusta.

Laraba, 13 ga Oktoba, tashin makaranta

Na aro littafin taswira na ofis, na ɗauki zaren ɗinkin Inna na bi sawunsa. Maraɗi, Yamai, Wagadugu, Kumasi, Ankara, Abijan, Bamako, Mofti, ya sake dawowa Bamako, Dakar, sai wani gari Sanluwi a bakin teku. Zaren bai kai kamu ɗaya ba. Ikon Allah, wata tara a ƙasa da kamu ɗaya!

Na sake karanta na Wagadugu, har yanzu yana ba ni dariya. "Safiya, kwana huɗu na yi a kan buhunan albasa. Yanzu ko na yi wanka, duk wanda ya zauna kusa da ni sai ya yi hawaye." Ya ce iyakar ƙasa ba katanga ba ce, sanda ce aka gitta a kan durom biyu, da wani mutum mai hatimi yana gyangyaɗi. Ni da nake koya wa yara iyakoki da jan alli, ashe sanda ce. To wa ya fara ajiye ta? In iska ta ture ta cikin gona, ƙasar ta ragu ke nan?

Riga biyu gare shi, in ya wanke ɗaya ya shanya ta a kan jakar yana tafe. Fasfo ya ɗinke shi a cikin wando. Yana kwana a masallaci, ko tasha, ko inda aka ce masa bismilla. Ina son in san a ina yake aski, kuma in ya yi mafarki da wane yare yake yi.

Akwai layi ɗaya a ƙasan kowane kati. Shi ba na karanta wa Inna.

Juma'a, 15 ga Oktoba, yamma

Kasuwa. Baba ya dawo daga kara da wuri, ya ce shanu sun yi tsada har dillali ya rasa abin faɗa. Bai tambaya ba. Baba ba ya tambaya, yana dai kallon hannuna in na shigo.

Inna ce mai tambaya, ita ma a karkace. Tana durƙushe tana cuɗa yumɓu, ba ta ɗago ba, ta ce, "Wancan bai aiko ba?"

Wancan. Ɗan fari ne, shekara ashirin da takwas ba ta taɓa kiran sunansa ba, ko a bayan idonsa. Ɗan maƙwabta ma da ya ci sunan, "mai sunan wancan" take ce masa. Kunya ce, kowa ya sani, kakata ma haka ta yi wa nata. Ban taɓa ganin abin mamaki a ciki ba sai kwanan nan. Yau na zauna ina kallon bakinta ina tunani, shin a cikin zuciyarta ma "wancan" take cewa?

Kaza ta sake yin ƙwai a ƙarƙashin babur ɗin Yaya da ke zaure. Ba wanda ke son ɗaga tabarmar da aka lulluɓe shi da ita, don haka ƙwan yana nan.

Asabar, 16 ga Oktoba, hantsi

Rediyo ya ce ana faɗa a arewacin Muritaniya. Katin ƙarshe ya ce can ya nufa. Na kashe kafin Inna ta fito.

Lahadi, 17 ga Oktoba, bayan azahar

Gwaggo Yelwa, yayar Baba, ta zo daga Utai da magana a bakinta tun daga zaure. Ta ce ita ta gaji da wannan zaman kurame, ta je wajen malami, ya ce a yi kiranye. Sabuwar tukunya wadda ruwa bai taɓa shiga ba. Uwa ta fuskanci inda ɗan ya nufa, ta sa bakinta a ciki ta kira sunansa na yanka sau uku, a kife. Ta ce duk inda yake, ko loma ce a hannunsa zai ajiye ya taho.

Baba ya ce, "Yaya Yelwa, in kin kira mutum alhali teku na tsakaninku, ta ina zai bi?"

Ta ce, "Maikano, rufe mini baki. Kai da ka ce masa ya shiga duniya, yanzu kai ne mai tausayin ƙafarsa?"

Baba ya ɗauki buta ya fita.

Ni malama ce, bai kamata in yarda da irin wannan ba. Amma wallahi ina son in ga yadda ake yi. Shin muryar ta ƙasa take bi ko ta iska? In yana cikin jirgin ƙasa fa, dirowa zai yi? Na tambayi Gwaggo, ta ce boko ya mai da ni tambaya kamar alƙali.

Ba wanda ya faɗi abin da kowa ya gani: sai Inna ta kira sunan. Ita dai ta ce, "Tukunyar ni zan gina."

Talata, 19 ga Oktoba, la'asar

Ta gina ta. Ban taɓa ganin ta ɓata lokaci a kan tukunya ɗaya haka ba, ita da ke gina shida kafin azahar. Ƙarama ce, mai faɗin baki, daidai fuskar mutum.

Na karanta mata katin Kumasi, ita ta nema. "A Zango na sauka. Wani tsoho ya amsa sallamata da irin Hausar da tun kakanmu aka daina. Ya ce kakansa daga Garko ya zo da jaki, kuma bai taɓa ganin Garko ba. Ya tambaye ni ko har yanzu ana cin kasuwar Wudil ranar Juma'a. Na ce ana ci. Ya yi ta murna kamar an yi masa haihuwa. Sati biyu na yi ina jera musu goro a ganye, suna ba ni tuwo." Inna ta ce, "Yana cin abinci ke nan." Sai na Ankara: "Na ga teku. Safiya, kogin Wudil in ya zo nan kunya za ta kashe shi. Ba ta da ɗaya gaɓar. Da safe takan ja baya ta bar kwale-kwale a kan yashi, da yamma ta dawo, ba wanda ya kira ta."

Na tsaya a nan. Inna ta ce, "Ya ƙare?" Na ce ya ƙare.

Alhamis, 21 ga Oktoba, tashin makaranta

Babu.

Lahadi, 24 ga Oktoba, bayan asuba

An yi, kuma ba a yi ba.

Jiya aka ƙona tukunyar, ta fito ja ba tsaga. Da gari ya fara wayewa muka fita bayan gida, ni da Inna da Gwaggo. Ni na nuna musu yamma da ɗan karkata arewa, da taswirar ofis a hannuna, abin dariya. Inna ta durƙusa ta rungumi tukunyar, ta sa fuska a ciki. Zakaru suka yi cara suka gaji. Ina jin numfashinta yana amsa-kuwwa a ciki. Gwaggo ta ce, "Hansai, kira mana, ba wanda ke jin ki sai tukunya."

Kafaɗunta suka motsa. Sai muka ji muryarta daga ciki, a daƙushe: "Auta."

Gwaggo ta fizge tukunyar. "Subhanallahi! Wanda ke kwance a kabari za ki tasa? Hansai, kina cikin hankalinki?"

Inna ta ce, "Shi ne ya fito." Ta tashi ta kakkaɓe zani ta shiga gida, ta hura wuta ta dama kunu kamar kullum. Gwaggo ta koma Utai ko karyawa ba ta yi ba. Tukunyar tana nan a gindin rumbu, a buɗe.

Lahadi ɗin dai, da yamma

Na yi alkawari ba zan rubuta ranar nan a littafin nan ba. Ba zan rubuta gadar ba, ko motar.

Wannan kaɗai zan rubuta. Da muka isa, su biyun suna kwance a gefen titi an jera su. Inna ta zube a tsakaninsu. Bakinta Auta yake kira, Auta, Auta, har muryarta ta dushe, mutanen kasuwa duk sun ji. Amma hannunta na dama a kan ƙirjin Yaya yake, tana jin ko yana numfashi, kuma ba ta ɗauke shi ba har aka sa shi a mota. Idonsa a rufe yake. Kunnensa ne a buɗe.

Ni na ga hannun. Wata uku ya yi a kwance, ni ke kai masa abinci, ban taɓa gaya masa ba. Shi ya sayi babur ɗin da kuɗin Udoji, ƙarin albashin da aka yi wa ma'aikata. Shi ya ce wa Auta hau mu je. Ni da Auta nono ɗaya muka bi, shekara biyu ce tsakaninmu, kuma ban yafe ba. Ga shi na rubuta.

Laraba, 27 ga Oktoba, tashin makaranta

Babu. Malam Isyaku ya ce wataƙila jirgi ne bai sauka ba. Na ce wataƙila.

Juma'a, 29 ga Oktoba, bayan la'asar

Yau na ga irin su Yaya da idona!

Ina dawowa ta tasha na tarar an yi cincirindo. Turawa biyu, mace da namiji, zaune a ƙasa dirshan sun jingina da jakunkuna irin ta Yaya sak. Tabɗi! Ƙafafunsu sun yi kaushi, gashin namijin kamar sheƙar ungulu. Mu Turawan da muka sani na kamfanin hanya ne, masu mota da kuku. Talatu mai ƙosai ta tsaya tana kallonsu ta riƙe haɓa, ta ce, "Ashe Bature ma yana tsiyacewa." Ta zuba musu ƙosai a takarda ta ce sadaka ce, Allah ya kai ladan kabarin uwarta. Suka miƙa mata kuɗi, ta ce a gaya musu kada su zage ta.

Na kasa wucewa. Na gaishe su da Turanci, macen ta yi tsalle kamar ta ga 'yar uwarta. Sunanta Marika, daga Holan. Wata bakwai suna hanya, sun ratso Sahara a bayan motar dabino, yanzu motar Maiduguri suke jira, daga nan Kamaru, daga nan sai inda hali ya yi. Na yi mata tambayoyin da na tara wata tara. A ina take wanka? Ta ce inda aka samu bokiti. Ba ta tsoro? Ta ce kullum, amma da safe yakan wuce. Uwarta ta yarda? Ta yi dariya ta ce har yau ba ta yarda ba. Ta bar ni na ɗaga jakar. Wayyo bayana! Ta fi rabin buhun gero nauyi, kuma duk gidanta ke nan: tukunya ƙarama, bargo, maganin zazzaɓi, littafi ɗaya da suka raba biyu kowa na karanta rabi.

Na ce me take nema? Ta ce da ta sani da ta tsaya a gida ta saya.

Sai ta zaro wani ƙunshi daga can ƙasan jaka, a naɗe cikin leda. Wasiƙu. Ta ce a kowane babban gari gidan waya yana ajiye wa matafiya wasiƙunsu, a rubuta sunan mutum da sunan garin da kalma biyu, Poste Restante. Ta ce, "In mun shiga gari, kafin masauki, kafin abinci, can muke fara zuwa. Ka miƙa fasfo, mutumin ya ɗauko akwati yana bi ɗaya bayan ɗaya, kai kana kallon yatsunsa. Ranar da ya kai ƙarshe ya girgiza kai, ba na iya cin abinci." Ta ce ta san wani da ya daina aika wa gida don ya gaji da girgiza kan.

Na ce mata na san kalmomin nan biyu. Ta ce ina na san su? Motarsu ta zo, Allah ya taimake ni.

Asabar, 30 ga Oktoba, hantsi

Layin da ba na karantawa ga shi. A katin Yamai ya koya mini yadda ake aikawa, ya jera garuruwan da zai bi. Daga nan kowane kati da abin da yake ƙarewa:

"Na leƙa gidan waya. Babu komai. Ba komai."

Wagadugu, Ankara, Abijan, Bamako, Dakar. A Abijan har zama ya yi a ƙofar gidan waya yana rubuta wa leburori wasiƙun gida, su ba shi abinci. Yana rubuta wa uwayen mutane. A na ƙarshe ya ce, "Zan haura arewa. In an ga dama, Dakar, ta nan zan komo." Bai sa "ba komai" ba a wannan.

Sau goma sha ɗaya ya yi sallama, ni na riƙe ƙofar. Kullum ina zuwa wajen Malam Isyaku ina miƙa wuya, ban taɓa miƙa masa ambulan ba.

Na ɗauki gwangwanin na sami Inna tana goge randa. Na karanta mata layin, kati bayan kati, ban tsallake ko ɗaya ba. Na gaya mata yana nema, kuma ni ce ban aika ba. Na ɗauka za ta zage ni, na ma fi son ta zage ni. Ta daɗe tana goge wuri ɗaya, sannan ta ce, "Wato can ma akwai tukunyar da ake kira a ciki."

Na ce kusan haka.

Ta ce, "Rubutu faɗa ne?"

Na ce ban gane ba.

"In mutum ya zana suna bai buɗe baki ba, ya faɗa?"

Na ce a'a, Inna, bai faɗa ba. Ban sani ba ko gaskiya ne, ban tambayi kowa ba, kuma ba zan tambaya ba.

Ta ce, "Gobe ki zo da allo."

Lahadi, 31 ga Oktoba, bayan azahar

Ɗaliba ta saba'in da biyar, kuma ta fi duka taurin kai. Ba ta yarda in furta haruffan ba, wai in an jera su ai an faɗa. Don haka muka raɗa musu suna. Na farko tsani mai mataki ɗaya. Na biyu jinkar rumbu da sanda a gicciye. Na uku maciji. Tsani ya sake dawowa. Taɓarya. Jinka biyu a jere. Na ƙarshe na zana, ta ƙura masa ido ta ce, "Wannan ai tukunya ce."

Na ce tukunya ce.

Ta ce, "Ashe da tukunya ya ƙare," ta yi 'yar dariya. Rabon da in ji dariyarta tun damunar bara.

Alli ba ya zama a hannunta, tana riƙe shi kamar muciya. Ta ture allon ta ɗauko ɗanyen yumɓu ta shimfiɗa, ta ɗauki tsinken da take yi wa tulu ado. Nan da nan tsani ya miƙe. Macijin ne ke juya mata baya, kullum kansa yana kallon gabas.

Laraba, 3 ga Nuwamba, yamma

Baba ya shigo ya tarar da mu. Ya tsaya a kanmu yana kallon yumɓun. Baba ajami ya sani, amma sunan ɗansa ya gane shi a takardun makaranta. Inna ta ja gefen zani ta rufe. Ya yi gyaran murya ya ce, "Macijinki a juye yake," ya wuce ɗakinsa.

Inna ta ce, "Ji mutumin nan."

Asabar, 6 ga Nuwamba, hantsi

Takarda ta tara ce ta yi. Sauran takwas ta jefa a murhu da kanta. Sau uku, layi uku, kowane ya gangara kamar zai faɗo daga takardar, biro ya huda wuri biyu. Amma ana karantawa. Na ce ta ƙara wani abu, ko gaisuwa, ni in rubuta. Ta ce malamin sau uku ya ce, bai ce a yi surutu ba.

A ƙasa na sa, "Hannun Inna ne, sati guda ta yi tana koyo." Na daɗe da biro a sama. Sannan na rubuta masa maganar hannun, na ranar nan, inda yake da kuma tsawon lokacin da ya yi a wurin. Layi huɗu. Ban ce ya yafe mini ba, ban ce na yafe masa ba. Na ce ya gaya mini ko gaskiya ne a Dakar burodi ya kai tsawon sandar makiyayi.

Litinin, 8 ga Nuwamba, tashin makaranta

Na miƙa. Malam Isyaku ya fara girgiza kai tun daga nesa, sai ya ga ambulan ya tsaya da kan a karkace. Ya ce, "Malama, yau ke ce da kawowa?" Ya liƙa kan sarki ya buga hatimi. Ya ce kwana goma, ko sati biyu, ko yadda Allah ya so.

Sai da na fito na tuna ban san ko akwai mai zuwa ya karɓa ba.

Juma'a, 19 ga Nuwamba, yamma

Ya kamata ta isa. Ina ta tunanin akwatin. Wasiƙar wa ke gabanta, ta wa ke bayanta? Akwai uwayen Holan a ciki, da na ko'ina, da Hansai maginiya ta Wudil. Marika ta ce in an daɗe ba a karɓa ba sukan mayar wa mai ita. Yanzu abu biyu nake tsoro a tagar Malam Isyaku.

Laraba, 24 ga Nuwamba, tashin makaranta

Babu. Amma ba a dawo da ita ba.

Asabar, 27 ga Nuwamba, la'asar

Ƙwan ƙarƙashin babur ya ƙyanƙyashe, 'yan tsaki biyar. Dole Baba ya ɗaga tabarmar. Ya daɗe a zauren.

Inna ta daina cewa "wancan bai aiko ba." Yanzu ba ta cewa komai, ta ɗago ta dube ni kawai. Wannan ya fi wuya.

Alhamis, ranar Babbar Sallah, bayan azahar

An yanka, an rarraba. Inna ta soya wani kaso daban ta zuba a tukunyar nan ta rufe da faifai. Gwaggo Yelwa ta zo yawon Sallah, ta buɗe ta gani, ta buɗe baki za ta yi magana, ta fasa. Yau na ga abin da ban taɓa gani ba.

Talata, 7 ga Disamba, tashin makaranta

Babu.

Litinin, 13 ga Disamba, bayan la'asar

Malam Isyaku bai jira na zo taga ba. A bakin titi na same shi tsaye, ya bar gidan waya a buɗe, yana ɗaga hannu sama kamar mai tsai da mota.

Kati ne, da hoton kwale-kwale masu fenti a bakin teku. Hatimin Dakar, 29 ga Nuwamba. Na juya. Rubutunsa ne, na san yadda yake lanƙwasa wutsiyar harafi, amma manya-manya ne kuma suna rawa, kamar wanda ya rubuta a kwance ko da hannun hagu. Ban san me ya same shi ba. Ban san ina ya shiga wata uku ba, bai faɗa ba. Ba labarin burodi, ba labarin teku, ba layin ƙasa. Duk faɗin katin kalma ɗaya ce.

Ban san na yi gudu ba sai da na ga takalmina ɗaya a hannu. Na wuce Baba a zaure, ya biyo ni ba hula. Inna tana tsakar gida hannunta dumu-dumu da yumɓu. Ta dubi katin, ta dubi fuskata, ta ce, "Karanta."

Na ce, "Na'am."

Ta ce, "Karanta mana, na ce."

Na ce, "Shi ne na karanta, Inna. Abin da ya rubuto ke nan. Na'am."

Baba ya zauna a kan turmi, ya sa fuska cikin hannun riga. Ni kuka nake yi sosai, ba na ɓoyewa. Inna ta goge hannu a zani, ta karɓi katin da yatsa biyu, ta daɗe tana kallon kalmar. Ta nuna mini jinkar rumbu guda biyu da jinka biyu a jere, ta gane su.

Ta ce, "Sau ɗaya ya rubuta?"

Na ce sau ɗaya.

Ta ce, "Sau uku na kira, sau ɗaya ya amsa. Ɗauko allon."